Kafin Ki Sa Hannu Cikin Injin Sanyi, Balkisa

Da sunan Allah, mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah shi sa wagga takarda ta iske ki lafiya, ko kin buɗe ta cikin mota, ko sai kin sauka Paraku kin huta. Allah shi tsare hanya, shi tsare direba, shi kai ki hannun mutanen kirki.

Kin san ni da nauyin baki. In na zamna gabanki don in yi miki magana, sai in fara da abu guda in ƙare da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abu na farko da nike so ki sani shi ne hankalina ya kwanta. Lokacin da kinka gama lekol, makarantar boko, kinka dawo gida da takardar sanin injinan sanyi, gari ya yi sanyi saboda rufe gadar kan iyaka, ba mai ɗaukar ma'aikaci. Ina ganinki kina taya uwarki tuya, ba ki taɓa ɓata fuska ba, amma ni abin shina cina. Ni na riƙa ɗora ki bayan moto tun kina ƙarama ina kai ki wurin aiki, ni na sa miki son wagga sana'a, sai tsoro ya kama ni ko na sa ki hanyar da ba ta ɓullewa. Ranar da kamfanin robobi ya kira ya ce ke ya zaɓa ki kula da injinansu na sanyaya ruwa, na zagaya na yi alwala na gode ma Allah. Ji na yi kamar an sauke mini buhun albasa daga wuya.

Injinan da za ki iske can sun fi namu na gidan madara girma. Namu tankin madara ruwanshi ke zagayawa, nasu kuwa ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba ciki. Amma halinsu guda ne. Abin da ke cikin littafi kin fi ni saninshi, ba zan ɓata miki lokaci da shi ba. Abin da ke gare ni shi ne wuraren da na yi tuntuɓe, don ki ɗaga ƙafa in kin zo gare su.

Shekarar da Hajiya Fati, mai gidan madara, ta ɗauke ni aiki, bazara ta yi zafi ƙwarai. Da rana ta take sai injin shi tsaya, jar fitila ta kama, shi shiga kuka. Na gano maɓallin da ake dannawa kukan shi mutu injin shi sake tashi. Sai na mai da shi magani. Shi tsaya in danna, shi ɗan yi aiki shi tsaya in sake dannawa. Har alfahari nike, ina ce ma mata masu wanke bokitai injin ya san hannuna.

Wata rana Baba Isaka, wanda ya kafa injin kuma ya koya mini aiki, ya biyo ta wurin. Ya tsaya shina kallona ina dannawa, har na yi a gabanshi sau da yawa. Sannan ya ce, "Hamidu, mi ya rubuta a fuskarshi kafin ka danna?"

Na ce, "Ban duba ba, Maigida."

Ya ce, "Zo mu zagaya."

Bayan injin, inda saƙar ƙarfen nan take wadda fanka ke fitar da zafi ta cikinta, munka iske ƙaiƙayin shinkafa daga injin casar maƙwabcinmu ya toshe ta, ya haɗu da gashin kaji ya zama kamar tabarma. Zafi bai da hanyar fita, gaz shina matsuwa, injin shina tsayar da kanshi don kada zuciyarshi, wato kwamfaresa, ta ƙone, ni kuwa ina tilasta mishi. Munka kashe kuran, wato wutar lantarki, munka wanke ta da ruwa daga ciki zuwa waje. Da munka tayar, ya yi aiki har maraice bai ce uffan ba. Baba Isaka ya share hannu ya ce mini, "Ka yi sa'a, kwamfaresan nan mai haƙuri ne. Amma jinjirin da ke kuka ba toshe mishi baki ake yi ba."

To, Balkisa, in injin ya yi kuka, ki ɓoye hannunki bayanki ki karanta abin da ya rubuta tukuna. In ya ce matsi ya yi sama, ki san zafi ne ya rasa ƙofa. Duba ko saƙar ta toshe, ko wata fanka ta tsaya, ko tana juyawa baibai, ko wani ya jingina buhuna inda iska ke shiga. Sai kin ga dalili kin gyara sannan ki danna, kuma sau guda. In ya sake tsayawa, ba ki gano ba ke nan, ki koma ki sake dubawa. Maɓallin nan ba magani ba ne.

Tuntuɓe na biyu da bakina na yi shi. Cikin damina anka yi hadari da iska, waya ta tsinke a unguwarmu, masu kuran sunka zo sunka ɗaura. Da safe na zo tayar da injin. Fuskarshi ta haska, amma ba abin da ya motsa. Na danna, shiru. Na ɗan ƙwanƙwasa kwamfaresa, na kara kunne, na yi wani awo na gaggawa wanda ko ni ban fahimce shi ba. Hajiya ta shigo ta ce, "Malam Hamidu, lafiya?" Don kada ta ga kamar ban san aikina ba, sai na gyara murya na ce, "Hajiya, sai haƙuri. Kwamfaresa ya mutu. Sai an aiko da sabo daga Kwatano."

Ta dafe kai ta zamna bisa bido, jarkar zuba madara. Nan take ta aika ƙauyen Gene a gaya ma matan Fulanin da ke kawo muna madara su dakata har sai sun ji daga gare ta.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinmu mai casar shinkafa ya leƙo shina faɗa, wai tun da masu kuran sunka tafi injinshi baibai shike juyawa. Na gane cewa wurin ɗaura waya an sauya layi biyu cikin layukan kuran guda uku, kuma namu injin shina da ɗan mai gadin da ke hana shi tashi in layukan sun zo a juye. Lafiyarshi lau, ƙin yarda ya yi a cuce shi. Na sauke babban makunni, na sauya wayoyin biyu, na ɗaga. Bayan ɗan jim sai ga shi ya ɗauka kamar ba abin da ya faru.

Hajiya ba ta zage ni ba. Cewa ta yi tun da ni na yi sanarwar mutuwa, ni zan je in warware ta. Na hau moto cikin taɓo har rugar da ke bayan Gene. Na iske Inna Dija, babbar matan, tana tsaye bakin garke. Da na gama bayani ta dube ni ta ce, "Ashe gawar ta tashi, Malam?" Matan sunka yi ta dariya har na juya moto. Har yau in ta gan ni kasuwa sai ta tambaye ni lafiyar mamacin.

Don haka in injin ya ƙi tashi, ki fara da abin da ke kusa kuma mai sauƙi. Kuran ya iso? Layukan uku duk suna nan, kuma da ƙarfinsu? Ba fis da ya ƙone? Jan maɓallin nan na tsayarwar gaggawa, ba wanda ya doke shi da kafaɗa shina wucewa? Wani lokaci ma ruwan ne ya riga ya yi sanyin da anka ce shi yi, injin bai ga abin tashi ba. Kwamfaresa shi ne na ƙarshe da za ki tuhuma. Kuma ki tambayi mutanen wurin mi ya sauya tsakanin jiya da yau, wa ya taɓa mi. Sau da yawa amsar na bakin mai shara ko mai gadi. In babba ya tsare ki da tambaya ba ki gano ba, ki ce, "Ban sani ba tukuna, ina dubawa." Na daɗe kafin in iya faɗin wagga magana, kuma ban taɓa ganin ta kashe kowa ba.

Na ukun ya fi waɗanga ciwo, don ba ni kaɗai ya taɓa ba. Watan azumi ne, gari na neman yawur kamar mi, tanki cike da madarar safe. Injin ya tsaya ya rubuta cewa ruwa ba shi gudu. Na sani sarai akwai ɗan abin da ke cikin bututu shina jin gudun ruwa, in ruwa ya yi rauni shi hana injin aiki. Abin da ya kamata shi ne in bi hanyar ruwan in ga inda ta toshe. Amma Hajiya na tsaye a kafaɗata.

"Malam Hamidu, madarar nan ba za ta jira ba."

"Ina dubawa, Hajiya."

"Ba wata dabara? Ka tayar da shi ko na yau kaɗai, gobe ka yi binciken."

Dabara akwai, kuma na san ta. Na ɗauki guntun waya na haɗa bakin abin nan biyu, injin ya ɗauka ruwa na gudu lafiya lau. Ya tashi. Hajiya ta sa mini albarka, na ji kaina ya yi girma.

Ba a daɗe ba na ji muryar injin ta sauya. Na duba na ga farar ƙanƙara ta lulluɓe tukunyar da gaz ke sanyaya ruwa cikinta. Kafin in kai hannu ga makunni, ɗan ruwan da ya tsaya ciki ya daskare ya fasa ta, ruwa ya shiga hanyar gaz. Da Baba Isaka ya zo munka bi bututu, abin da munka iske rariya ce ta cika da yashi, sai wani famfo da anka bari rabi a rufe bayan wanki. Aikin da bai kai tsawon sallar azahar ba.

Madarar ranar sai dafa ta anka yi anka ba masu yin wagashi, cukun nan na madara. Injin ya kwanta har bayan salla. Duk wanga lokaci matan Gene sai tallar madararsu suke cikin rana da azumi a baki, wadda ba ta saidu ba ta lalace. Na haɗu da Inna Dija cikin kwanakin, ba ta yi mini ba'a ba, ta gaishe ni ta wuce. Wanga shirun ya fi mini zafi bisa dariyar da.

Na zaci Hajiya za ta sallame ni. Ta kira ni ofishinta ta ce, "Ni na matsa maka, na sani. Amma kai ka san injin, ni ban san shi ba. Da ka ce mini a'a, da na yi fushi yini guda na huce." Ta bar ni bakin aikina, Allah shi saka mata. Tun daga ranar ban sake haɗa bakin wani mai gadi na injin da waya ba.

Can inda za ki, in ruwan sanyi ya tsaya duk kamfanin ne ya tsaya, kuma manya za su zo su tsaya bisa kanki. Wasu za su ga ke mace ce kuma sabuwa, su zaci ɗaga murya zai sa ki bi. Kada ki yi musu rashin kunya, kada kuma ki bi. Ki ce, "Ku ba ni lokaci in bi ruwan." Ki duba ko tanki na da ruwa, ko pompi mai tura ruwan shina juyawa, ko iska ta shiga cikinshi, ko an rufe wani famfo, ko rariya ta toshe. Fushin patron, mai kamfani, shina wucewa kafin la'asar. Fasasshen injin shina daɗewa, kuma bayanshi akwai mutanen da ba ki taɓa gani ba waɗanda abincinsu ke rataye gare shi.

Akwai ƙanana da ba zan tsawaita ba. Na taɓa shafe rani guda ina ƙara ma injin gaz duk sadda ya ce matsi ya yi ƙasa, ban tambayi kaina ina na da ya tafi ba. Gaz ba shi ƙarewa kamar man moto. In ya ragu, ƙofa ya samu. Ki nemi inda mai ya yi dabbare bisa bututu, ki shafa kumfar sabulu, za ki ga wurin na hura ƙwan kumfa. Sannan injin da ya daɗe kwance, kada ki tayar da shi da kin ba shi kuran. Ki bar shi shi ɗumama manshi tukuna, ko da za a ce kina da nawa.

Na bar wanga ƙarshe don shi ne wanda har yanzu in na tuna sai in yi salati. Kin san hannun daman Baba Isaka, kin san yatsun nan biyu gajeru. Kin taɓa tambayata kina ƙarama, na ce miki aiki ne. Gaskiya ne aiki ne, amma ban gaya miki ina tsaye wurin ba.

Wata fanka ce ta riƙa ƙara, na kira shi shi duba. Da ya iso sai kuran ya ɗauke. Ya ce, "To, ga dama ta samu. Sauke makunni, Hamidu, in cire murfin." Na ce to. Ina kan hanyar zuwa sai wani direba ya tsare ni da maganar bidunan da zai ɗauka. Na ce a raina ai kuran ma babu, in na gama da shi na sauke.

Muna cikin magana na ga ƙwan fitilar zaure ya kama. Kuran ya dawo. Na waiga na ji injin shiru, sai na ci gaba da maganata. Na manta abin da na sani kamar sunana: in kuran ya dawo, injin ba shi tashi nan take. Shina jira ƴan mintoci don kare kwamfaresa, sannan shi tashi da kanshi ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Na ji ya ɗauka, na ji muryar Baba Isaka. Ban san sadda na kai ga makunni ba. Na iske shi zamne ƙasa ya riƙe hannu cikin riga, jini na bin gwiwarshi. Na ɗaure mishi da rawanina, direban nan ya ɗauke mu zuwa gidan likita. Duk hanya ina riƙe da shi ina ta faɗin, "Maigida, ni ne, ban sauke ba."

Na zamna bakin ƙofar ɗakin da anka shiga da shi ina jiran a ce hannun ya tafi. Mutumin da ke ci da iyalinshi da wanga hannu. Da likita ya fito ya ce kan yatsu biyu ne kawai, sauran za su warke, na yi ta hamdala. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba.

Da anka bar ni na shiga, na durƙusa gefen gado na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Tashi, Hamidu. Kai ba ka sauke ba, ni kuma ban je na gani da idona ba. Wanda zai sa hannu shi ke da sauke makunni. Na koya maka komi ban koya maka wanga ba." Ya ƙara da cewa, "Fankar kuwa ƙusa ce ta kwance. In ka koma ka ɗaure ta."

Ya koma aiki bayan ya warke, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a gaban mutane ko mu biyu.

Balkisa, injin da ya yi shiru ba lalle ne a kashe shike ba. Kafin ki cire murfi, ki je da ƙafarki ki sauke makunni, ki auna ki tabbata ba kuran. Kada ki aiki kowa, ko wanda kinka fi yarda da shi. Ni ne Baba Isaka ya fi yarda da shi duk garin nan. Ki ɗaure gyalenki ki cusa bakinshi cikin riga, ki cire zobe da awarwaro kafin ki matsa kusa da abin da ke juyawa.

Jiya na je na gaya mishi za ki tafi. Ya yi murna ƙwarai, ya ce in gaishe ki, ya shiga ɗaki ya fito da ɗan kwaɗo ya ce in ba ki. Ki riƙa rufe akwatin makunni da shi duk sadda za ki sa hannu cikin injin, don kada wani shi zo bayanki shi ɗaga. Na sa miki shi cikin aljihun jakarki na gefe. Makulli biyu ya zo da su. Da na biyo ta bakin kogi na jefa guda cikin ruwa. Wanda ya rage ki rataya shi a wuyanki, ko direktan kamfanin ya roƙa kada ki ba shi sai kin fito da hannuwanki duka biyu.

Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki gaida na gaba da ke. In kin sauka ki kira uwarki kafin ni, don ita ba za ta iya haɗiye komi ba sai ta ji muryarki.

Allah shi kai ki lafiya, shi tsare ki daga sharrin ƙarfe da na kuran da na mutum. Allah shi sa albarka cikin hannunki, shi ba ki abokan aiki masu tsoronshi, shi maido muna ke da ƙafafunki kina dariya. Na yafe miki duniya da lahira, uwarki ma ta yafe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Hamidu, Malanbil.